Awon Mikiya

Ran Lahadi, kasuwar Tawa na shirin watsewa,
Arzika mahauci ya leƙo rumfata, jini a farcensa:
"Nomau, ajiye wandon nan, ɗauko igiyar awonka,
akwai mai jiran tela a bayan mahauta."
Na ce, "Wane ne?"
Ya ce, "Baƙuwa ce, daga sama."

A gindin turken lantarki muka same ta,
mikiya, wuya a lanƙwashe kamar lauje,
ido ɗaya a buɗe yana duban inda ta fito.
Yara sun kewaye ta, ba mai ko tari.
Wayar da ta kayar da ita tana can tana ƙugi,
ko a jikinta.

Arzika ya kama bakin fiffiken dama,
Ɗan Jimmo mai amalanke ya riƙe na hagu,
suka ja da baya, suka ƙara ja da baya,
ita kuwa sai buɗewa take
kamar turmin shadda a hannun dillali.

Igiyata mita ɗaya da rabi ce.
Shekara talatin da ɗaya ba ta ba ni kunya ba:
ta zagaye tumbin alhazai,
ta hau kafaɗar ƴan kokawa,
ta bi ango daga wuya har idon sawu,
ta sha auna farin yadi
na wanda ba ya dawowa ya ce ya matse shi.
Ran nan sai ta ƙare a tsakiyar hanya.
Na kafa babban yatsa, na sake shimfiɗawa.
Mita biyu da taƙi biyu, har da ɗan rara.

Shirwar da ke fauce hanji daga faifan Arzika,
muna ihu, muna jifa,
ashe ƙanwar ƙanwa ce.
Shahon da ya ƙarar da ƴan tsakin matata Tsahara
zai kwanta a fiffike guda, a lulluɓe shi da saura.
Ungulu kuwa, rabona da ganin su jere bisa katangar nan
tun ɗana yana goye.

Wani mai ƙunshin magani ya taya kan jikka biyar.
Arzika, da ke yanka tun asuba ba ƙyaftawa,
ya ce, "Wannan ba ta kan faifai ba ce."
Ya aika a kawo shebur.

Kafin su haƙa, na buɗe hannuwana a kanta,
ban san me ya sa ba.
Gaba ɗaya tak.
Iyakata ke nan, daga wannan yatsa zuwa wancan:
faɗin keken ɗinki da kujerarsa,
faɗin ƙofar rumfa in an janye labule.

Da dare na jawo littafin awo kusa da fitila.
Can baya, inda mai ya ɓata takarda, ga Illiyasu:
kafaɗa arba'in da huɗu, hannu sittin da biyu,
awon sallar da ya tafi biɗa Abijan.
Damina bakwai ke nan.
Yakan kira, muryar na yankewa,
ya ce lafiya lau, ya ce ana ruwa.
Ban san faɗin kafaɗarsa yau ba.
Ban ma taɓa ce masa ya buɗe duka biyun ba,
tela hannu ɗaya yake aunawa,
shi ma a sauke.

Ƙarƙashin sunansa na rubuta: mikiya, ɗari biyu da arba'in.
Wurin ranar karɓa na bar shi fari.

Da hantsi, ina zura zare,
wani ɗigo baƙi na kewaya saman mahauta,
can ƙololuwa, ba ya ko kaɗa fiffike.
Na ɗaga allura, na rufe ido ɗaya.
Ya shige ta kafarta, ya fita,
bai taɓa gefe ba.

Na koma kan wandon jiya.
Mai shi ya ce a rage masa ƙafa.